Fada Tansi: Firist Ɗin Da Ya Bar Aikinsa Ya Shiga Gidan Sufaye

Kowace shekara idan ranar 20 ga watan Janairu ta kewayo, Ikilisiyar Katolika a ƙasar nan takan tuna da wani bawan Allah ɗan Nijeriya, wato Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda ya rasu a irin wannan rana a shekarar 1964, a wani asibiti da ke birnin Lesta na ƙasar Ingila. Da yawa cikinmu mun saba ganin hotonsa a kalanda ko a bangon coci, yana sanye da farar riga mai baƙin ƙyalle a gaba, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi firist ɗan ƙasar Aguleri ya ƙare kwanakinsa a wani gida na shiru a ƙasar Turawa. Mun ga ya kamata mu kawo labarinsa a wannan fili, tare da tarihin gidan da ya karɓe shi, domin akwai tambaya a ciki wadda ta shafe mu duka, musamman mu ma'aikatan Ikilisiya. Tambayar kuwa ita ce, idan mutum ya ajiye aikin da kowa yake ganin amfaninsa ya keɓe kansa domin addu'a, asara ya yi ko riba?

Yarintarsa da kiransa

An haifi Tansi a shekarar 1903 a wani ƙauye kusa da Aguleri, a gefen kogin Anambra, cikin ƙasar Ibo. Iyayensa manoma ne talakawa, masu bin addinin gargajiya. Sunan da suka raɗa masa shi ne Iwene. Tun yana ƙarami aka kai shi gidan wani ɗan'uwansu wanda yake malami ne a makarantar mishan, domin ya yi karatu yana kuma yi masa aikace-aikacen gida. A nan ya ji bishara, aka yi masa baftisma yana da kimanin shekara tara, aka ba shi suna Michael, wato Mika'ilu. A cikin wasan yara ne aka jefe shi da laka a ido, idon nan ɗaya kuwa bai ƙara gani da shi ba har ƙarshen ransa.

Yana da shekara goma sha shida ya gama makaranta ya zama malami. Ya koyar a Anaca, daga baya ya koma Aguleri ya zama shugaban makarantar Waliyyi Yusufu. A zamanin nan babu abin da iyaye suke nema wa ɗansu kamar wannan matsayi, gama malamin makaranta yana da albashi, yana da daraja a gari, shi ne kuma mai ɗaukar nauyin 'yan'uwansa. A cikin shekarun nan ne baƙin ciki mai girma ya same shi. An zargi mahaifiyarsa da maita saboda mutuwar waɗansu yara a ƙauyensu, aka sa ta sha dafi bisa ga al'adar wurin, ta mutu. Wannan abu bai sa ya ƙi mutanensa ba, amma ya bar masa ƙiyayya mai ƙarfi ga kowace al'ada da take zaluntar mata da marasa gata, za mu kuwa ga alamar haka a cikin aikinsa.

A shekarar 1925 ya ajiye aikin koyarwa ya shiga makarantar horon firistoci ta Waliyyi Bulus a Igbariam. Danginsa ba su ji daɗi ba, domin a ganinsu ya watsar da arzikin da ke hannunsa, ba zai kuma yi aure ya bar baya ba. Hanyar ma doguwa ce ƙwarai. A lokacin Turawan mishan suna jinkiri sosai kafin su naɗa baƙar fata firist, ana kuma korar ɗalibai a kan ƙaramin laifi. Shekara goma sha biyu ya yi yana wannan horo. Ranar 19 ga watan Disamba, 1937, Bishop Charles Heerey ya naɗa shi firist a babban cocin Anaca, ya zama ɗaya daga cikin 'yan ƙasa na farko da suka kai wannan matsayi a yankin.

Shekara goma sha uku a bakin aiki

Ya fara aiki a Nnewi ƙarƙashin Fada John Cross Anyogu, wanda ya riga shi zama firist tun 1930. Daga nan aka tura shi Dunukofia, sa'an nan Akpu a shekarar 1945, a ƙarshe kuma aka mai da shi garinsu Aguleri a 1949. Kowane ɗayan waɗannan wurare yanki ne mai faɗi mai ƙauyuka da yawa, Fada Tansi kuwa yakan zaga su da ƙafa ko a kan keke, rani da damina. Yakan zauna sa'o'i masu yawa yana sauraron masu furta zunubansu, har dare ya yi masa a wurin. Idan ana ginin coci ko makaranta yakan tuɓe ya shiga kwaɓa laka tare da jama'a. Gidan da yake kwana na ƙasa ne kamar na sauran mutane, abincinsa kaɗan ne, abin da aka ba shi kuma yakan ƙare a hannun marayu da kutare da marasa lafiya.

Aikin da aka fi tunawa da shi a kai shi ne na mata da aure. Ya buɗe gidajen horo inda 'yan mata da aka yi wa baiko suke zama kafin ɗaurin aure a coci, ana koya musu bangaskiya da riƙon gida. Ya tsaya wa matan da ake ci wa mutunci, ya kuma yi gaba da masu fakewa da dodanni suna tsoratar da mutane suna ƙwace musu kaya. Ba za mu ɓoye ba cewa mutum ne mai tsanani. Ba ya sassauta wa kansa, ba ya kuma sassauta wa wani, saboda haka akwai waɗanda suka ji nauyin hannunsa suka yi gunaguni, musamman manyan gari da yake faɗa wa gaskiya a fuska. Amma samari da yawa da suka tashi a gabansa sun zama firistoci saboda abin da suka gani a rayuwarsa. Ɗaya daga cikinsu yaro ne daga Eziowelle wanda Fada Tansi ya yi wa baftisma a shekarar 1941, yana da shekara tara. Sunansa Francis Arinze, wanda ya zama Babban Bishop na Anaca a 1967, ya kuma zama Kadinal a 1985.

To, mutumin da yake cikin irin wannan aiki, jama'a suna bukatarsa dare da rana, firistoci 'yan ƙasa kuma ba su da yawa, me zai sa ya yi tunanin barin komai? Masu tarihinsa sun nuna cewa abin ya daɗe a zuciyarsa. Ya karanta littafin Columba Marmion, wani sufi ɗan ƙasar Ailan, a kan rayuwar sufaye, abin ya kama shi. Sa'an nan wata rana, a lokacin da firistocin yankin suka taru domin keɓewa da addu'a kamar yadda suka saba, Bishop Heerey ya bayyana musu burinsa, cewa yana so wani daga cikinsu ya tafi ya koyi rayuwar sufaye, domin wata rana a kafa irin wannan gida a ƙasar Anaca. Fada Tansi ya ba da kansa. Ya kamata mu lura cewa a wurin keɓewa ne wannan kira ya fito fili, a ranar da aka ajiye aiki aka zauna shiru gaban Allah.

Asalin gidajen sufaye

Kafin mu bi shi zuwa Ingila, bari mu yi ɗan bayani a kan abin da ake nufi da gidan sufaye, gama yawancinmu a Arewa ba mu taɓa ganin irinsa ba. Sufi a cikin Ikilisiya shi ne wanda ya bar aure da dukiya da ikon kansa, ya shiga zama tare da 'yan'uwa ƙarƙashin shugaba ɗaya da ƙa'ida ɗaya, domin addu'a da aikin hannu. Wannan hanya ba daga Turai ta faro ba. A nan Afirka ta soma, a hamadar Masar, wurin mutane irin su Waliyyi Antoni wanda ya rasu a shekarar 356, da Fakomiyus wanda ya fara tara sufaye a gida ɗaya.

Wanda ya tsara ta ga ƙasashen Yamma shi ne Waliyyi Benedik, wanda aka haifa a Nursiya ta ƙasar Italiya wajen shekarar 480. Ya bar karatu a Roma saboda lalacewar da ya gani a birnin, ya zauna shekara uku a wani kogo a Subiyako, daga baya ya kafa gidan Monte Kasino wajen shekarar 529. A can ya rubuta ƙa'idarsa mai babi 73. Ƙa'idar ta raba yini tsakanin addu'a, da karatun Maganar Allah, da aikin hannu. Ta tsara a rera Zabura 150 dukansu cikin kowane mako. Ta kuma umarta a karɓi kowane baƙo da ya zo kamar Kristi ne da kansa ya zo, a ba matalauta da matafiya kulawa ta musamman. Daga wannan umarni ne al'adar keɓewa a gidajen sufaye ta samo tushe, shi ya sa da wuya a sami irin wannan gida ba tare da masaukin baƙi ba.

Da shekaru suka shuɗe, waɗansu gidaje suka yi arziki suka yi sanyi. A shekarar 1098 waɗansu sufaye suka fita suka kafa sabon gida a Citeaux ta ƙasar Faransa, domin su koma ga ƙa'idar Benedik yadda take. Mafi shahara a cikin wannan ƙungiya shi ne Waliyyi Barnad na Clairvaux. A ƙarni na 17 kuma aka sake yin wani gyara mai tsanani a gidan La Trappe, inda aka ƙarfafa shiru da azumi da aikin gona. Wannan reshe ne Fada Tansi ya shiga.

Gidan Mount Saint Bernard

A Ingila akwai gidajen sufaye masu yawa a dā, amma Sarki Henry na Takwas ya rushe su duka tsakanin 1536 da 1541, ya ƙwace filayensu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka rushe shi ne gidan Garendon a lardin Lesta, filinsa kuwa daga baya ya faɗa hannun wani iyali mai arziki. Bayan kusan shekara ɗari uku, wani saurayi daga wannan iyali mai suna Ambrose Phillipps de Lisle ya shiga Ikilisiyar Katolika, ya ƙudura a ransa zai mayar wa Allah abin da aka ƙwace. Ya sayi fili a dajin Charnwood, wuri mai duwatsu da wuyar noma, ya ba sufaye. A shekarar 1835 'yan'uwa na farko suka zo daga gidan Mount Melleray na ƙasar Ailan, suka fara zama a wata tsohuwar bukka. Suka sa wa wurin suna Mount Saint Bernard, wato Dutsen Waliyyi Barnad.

Wani basarake, John Talbot na Shrewsbury, ya ba da kuɗin gini, sanannen mai zanen gine-gine Augustus Pugin kuma ya zana gidan. Aka buɗe shi a 1844. A 1848 aka ɗaga shi ya zama cikakken gida mai uba na kansa, aka zaɓi Bernard Palmer ya zama uban gida na farko, irin wannan kuwa ba a ƙara yi ba a Ingila tun zamanin rushewar. A shekarun nan ne yunwa mai tsanani ta afka wa ƙasar Ailan, mutane suka yi ta ƙaura zuwa Ingila, sufayen nan da su ma ba su da yawan abinci suka ciyar da dubban mayunwata a ƙofarsu. Cocin gidan ya daɗe ba a gama shi ba saboda rashin kuɗi. Sai a zamanin uban gida Malachy Brasil aka kammala shi, aka keɓe shi a 1945, shekara biyar ke nan kafin zuwan Fada Tansi.

Har yau gidan yana nan, yana kuma karɓar baƙi masu neman keɓewa. Mutum yakan je ya yi 'yan kwanaki a masaukin baƙi. Ba a cika masa yini da wa'azi ko tarurruka ba. Ƙararrawa ce take kiransa zuwa coci sau da yawa a rana, tun daga addu'ar dare wadda ake yi kafin asuba da nisa, har zuwa ta ƙarshe kafin a kwanta, ya zauna yana sauraron sufaye suna rera Zabura. Sauran lokacin nasa ne, ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi tafiya a fili, ya bincika zuciyarsa, in yana so kuma ya nemi wani daga cikin sufayen ya ba shi shawara ko ya saurari furcin zunubansa.

Shekarun ɓoyuwa

A shekarar 1950 Fada Tansi ya je ziyarar ibada Roma, daga can ya wuce Ingila ya shiga Mount Saint Bernard. Shekara guda bayan haka wani firist ɗan ƙasarsu, Fada Mark Ulogu, ya bi shi, aka ba shi suna Clement. Ƙa'idar Benedik ta ce kada a buɗe wa mai neman shiga ƙofa da sauri, a bar shi ya yi 'yan kwanaki yana ƙwanƙwasawa domin a gwada haƙurinsa. Na Fada Tansi ya wuce kwanaki. Da yake ba a daidaita ba ko zai zama ɗan gidan ne ko zai koma Nijeriya bayan ya koya, sai ya yi fiye da shekara biyu yana zaune a matsayin wanda bai ɗauki wa'adi ba, yana ganin waɗanda suka zo bayansa suna wuce shi. Sai a 1952 aka karɓe shi cikin masu koyo, da sunan Cyprian, sunan wani bishop na Kartaj a Afirka ta Arewa wanda aka kashe saboda bangaskiya. Ranar 8 ga watan Disamba, 1956, ya ɗauki wa'adi na har abada.

Mu tsaya mu dubi abin da wannan canji yake nufi. Mutumin da ya shugabanci makarantu, ya gina coci-coci, wanda in ya yi magana gari yakan girgiza, yanzu ya zama na baya a layi, ƙarƙashin malamin da yake gyara masa kuskure a gaban samari. A lokacin nan sufayen wannan ƙungiya ba sa hira da juna, da alamun hannu suke sadarwa idan bukata ta kama. Ba sa cin nama. Suna tashi da tsakar dare su shiga coci mai sanyi su yi addu'a da harshen Latin. Ga kuma hunturun Ingila, wanda sanyin Jos ko na Mambila ba ya kama ƙafarsa, ga mutumin da ya girma a zafin bakin kogi. Aikin da aka ba shi shi ne hidimar ɗakin cin abinci da ɗinka littattafai yana yi musu bango. Babu wa'azi, babu taron jama'a, babu wanda ya san shi a waje. 'Yan'uwansa na gidan ma yawancinsu ba su san irin aikin da ya bari a gida ba, domin bai faɗa ba. Abin da suka shaida a kansa daga baya shi ne haƙuri, da tawali'u, da yawan addu'a.

Abin da ya riƙe shi a shekarun nan shi ne begen cewa wata rana zai kawo wannan rayuwa ƙasarsu. Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960 yana can. A ƙarƙashin sabon uban gida, Ambrose Southey, aka yanke shawarar kafa reshe a Afirka, amma da aka gama bincike sai aka zaɓi ƙasar Kamaru, a Mbengwi kusa da Bamenda, aka bar maganar Nijeriya. Wannan ya yi masa zafi ƙwarai, gama saboda Anaca ya bar komai. Duk da haka ya karɓa a matsayin nufin Allah. Aka sa sunansa cikin masu tafiya, aka ba shi aikin horar da sababbin shiga. Amma kafin ranar tashi lafiyarsa ta yi rauni, ayarin farko ya tafi a 1963 ba tare da shi ba. A watan Janairu na 1964 ciwo ya tsananta, aka kai shi babban asibitin Lesta, babbar jijiyar jini ta fashe masa, ya rasu ranar 20 ga wata yana da shekara sittin. Aka binne shi a maƙabartar sufaye ta gidan. Cikin waɗanda suka halarci jana'izar akwai wani matashin firist da yake karatu a Landan, wato Fada Francis Arinze.

Abin da ya biyo baya

In da a ranar nan aka tsaya aka yi lissafi irin na mutane, da an ce an yi asara. An ɗauke ma'aikaci mai ƙarfi daga gona a lokacin girbi, ya yi shekara goma sha uku da 'yan watanni yana share tebur a baƙuwar ƙasa, gidan da aka aike shi ya kawo bai kawo ba, ko ƙafarsa bai sake sawa a Afirka ba. Amma Ubangijinmu ya koya mana a Yahaya sura 12 cewa ƙwayar alkama sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya.

Gidan Bamenda ya kafu ya yi ƙarfi, ya karɓi 'yan Kamaru da 'yan Nijeriya. Shekara uku bayan rasuwarsa yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasar nan, daga 1967 zuwa 1970, Anaca da kewayenta kuwa suna cikin wuraren da suka fi shan wuta, alhali sabon gidan yana can ƙetaren iyaka. Bayan yaƙin rayuwar sufaye ta shigo Nijeriya. Akwai gidan Awhum kusa da Inugu, na ƙungiyar da Fada Tansi ya shiga, inda jama'a masu yawa suke zuwa keɓewa da addu'a. Akwai na Ewu a Jihar Edo, wanda sufayen Benedik daga Glenstal ta Ailan suka kafa a 1979. Daga baya kuma gidan Bamenda da kansa ya haifi reshe a Nsugbe, kusa da Anaca, ba nisa da Aguleri. Ashe burin Bishop Heerey da na Fada Tansi ya cika, sai dai ya bi ta Kamaru ne kafin ya iso gida, su biyun kuwa ba wanda ya gani da idonsa.

Labarinsa ma bai ɓace ba. Wata malamar tarihi da ta koyar a Jami'ar Jos, Elizabeth Isichei, ta bi tsofaffin da suka san shi da sufayen da suka zauna da shi, ta rubuta tarihinsa aka buga a 1980. A 1986 Ikilisiyar Anaca ta buɗe binciken rayuwarsa. Daga baya aka tono ƙasusuwansa daga Ingila aka kawo su gida aka binne kusa da babban cocin da aka naɗa shi firist. Ranar 22 ga watan Maris, 1998, Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya taɓa zuwa Kaduna a ziyararsa ta 1982, ya dawo Nijeriya, ya tsaya a Oba kusa da Anaca gaban taro mai ɗimbin yawa, ya sanar da Fada Tansi a matsayin Mai Albarka. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan matsayi, wanda yake mataki ɗaya ne kafin a kira mutum Waliyyi.

Abin da ya rage gare mu

Ba kowa aka kira ya zama sufi ba. Yawancinmu muna da mata da 'ya'ya, da gona, da aikin ofis, da ikilisiyoyin ƙauye da suke jiranmu ranar Lahadi. Amma bari mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Mu malaman katikis da masu bishara da shugabannin zumunta, sau nawa ake kiranmu keɓewa ta shekara mu ce ba mu da lokaci? In ma mun je, sau nawa muke mai da ita taron lissafin kuɗi da tsara bukukuwa da gaishe-gaishe, wayar hannu tana kuka a aljihu, mu dawo gida da gajiyar da ta fi wadda muka tafi da ita? Muna jin kamar in mun ɗaga ƙafa kwana uku aikin Allah zai tsaya. Fada Tansi ya fi mu aiki nesa ba kusa ba, jama'arsa kuma sun fi namu bukatarsa, amma ya tafi, Ikilisiyar Anaca kuwa ba ta rushe ba, yaran da ya rena su suka ɗauki aikin.

A Markus sura 6 mun karanta cewa da manzanni suka dawo daga aikin da aka aike su, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba, Yesu da kansa ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Shi ma yakan tashi da sassafe ya fita shi kaɗai ya yi addu'a. Wanda yake ba mutane ruwa kullum, dole ya koma rijiya ya cika tulunsa.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ikilisiyoyinmu, na Katolika da na sauran ɗarikoki, su sa keɓewa cikin tsarin shekara, su kuma tsare ta kada a cika ta da wasu harkoki. Wanda Allah ya hore masa kuɗin mota ya je ɗaya daga cikin gidajen sufaye da muka ambata, sai ya rubuta musu tun da wuri, ya je ya yi kwana biyu ko uku yana bin ƙararrawarsu. Wanda bai iya ba, akwai gidajen addu'a da makarantun Littafi Mai Tsarki kusa da mu waɗanda suke zama fayau a lokacin hutu, akwai kuma cocin ƙauye da ba kowa a cikinsa ranar Talata. Ya ɗauki Littafinsa da tabarmarsa, ya kashe wayarsa, ya gaya wa iyalinsa inda yake, ya ba Allah yini guda cikakke. Maigida kuma ya tuna cewa uwargida ma tana bukatar irin wannan rana, ya riƙe mata yara ta tafi.

Allah da ya ba bawansa Fada Tansi haƙuri a shekarun ɓoyuwarsa, ya ba mu zuciyar da za ta iya yin shiru a gabansa. Amin.